MU ƘARU DA JUNA: Kalmar "rise" ta Ingilishi da buhun wake 30 na maƙwabcina

  

A wannan wata zancenmu a kan kalma guda ne tak, ta Ingilishi, mai baƙaƙe 4. Na san wani zai ce: "Mushe, mu da muke fama da karatun Hausa, ina ruwanmu da Ingilishi?" To, ku saurara ku ji abin da ya faru ƙofar gidana, sannan ku yanke hukunci da kanku.

Ina da maƙwabci, dattijo ne, ya fi shekara 30 yana fataucin wake tsakanin kasuwanninmu da Nijeriya. Yana da wani abokin ciniki mutumin kudancin Nijeriya, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da ƙirgar kuɗi ba. Da can in sun haɗu, tafinta ke shiga tsakaninsu. Da salula ta zo, sai mutumin ya riƙa aiko saƙon murya da Ingilishi, jikan Alhaji kuwa, ɗan kwaleji, shi ke fassarawa.

Wata rana saƙo ya zo. Yaro ya saurara sau biyu, ya ce: "Alhaji, zancen kuɗin shinkafa yake yi." Alhaji ya ce: "Shinkafa kuma? Yaushe na zama mai shinkafa? Ya yi ɓatan lamba ne, rabu da shi." Ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji ya fitar da buhu 30 da ke cikin mangaza ya sayar. Bayan kwana 10 kuɗin wake ya hau, jika 4 a kan kowane buhu. Sai ga mutumin ya bugo waya cikin murna, yana tambaya yaushe mota za ta taso da kaya.

Da maraice Alhaji ya yi mini sallama, salula a hannu, yaro a bayansa kai a sunkuye. Ya ce: "Mushe, don Allah saurari wannan, ka gaya mini wa ya cuce ni, shi ko wannan ja'irin?" Na saurara. Abin da mutumin ya faɗi shi ne "the price will rise", wato kuɗin kaya zai hau, Alhaji ya riƙe wakensa kada ya yi gaggawa. Na ce: "Baba Alhaji, babu wanda ya cuce ka. Baƙi guda ne ya ci maka jika 120."

Iyakarmu da Nijeriya ta kusa kilomita 1500. Ta Ɗan Isa, ta Magarya, ta Ƙonni, kullum mutanenmu na shiga suna fita. Kwalin magani, buhun taki, takardar kaya, saƙon salula, da yawansu da Ingilishi suke zuwa. Kuma tun 2025 dokar ƙasarmu ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. Ke nan sanin irin waɗannan kalmomi ba alfahari ba ne, tsaron dukiya ne.

YADDA AKE RUBUTA TA DA YADDA AKE FAƊINTA

Ana rubuta ta r, i, s, e. Ana faɗinta "rayiz", ƙarshenta da z irin ta zuma. Shinkafa kuwa r, i, c, e ce, ana faɗinta "rayis", ƙarshenta da s irin ta suna. Mu abin da muka rubuta da Hausa shi muke faɗi. Su kuwa suna rubuta s su faɗi z, su rubuta c su faɗi s. A bakin mutane da yawa, musamman cikin hayaniyar kasuwa, kalmomin biyu ba su da bambanci ko kaɗan. Shi ya sa na ce yaron ba shi da babban laifi. Haka "price", kuɗin kaya, take da ƴar uwa "prize", kyautar da ake bai wa wanda ya ci gasa. Kama da wane ba wane ba ne.

Abu na biyu, kalmar tana canja riga. A Hausa muna cewa ya tashi, yana tashi, zai tashi, ita "tashi" tana nan yadda take. A Ingilishi kalmar kanta ke canjawa. In abin yanzu ne ko nan gaba, "rise". In ya wuce, "rose", a faɗe ta "roz". In an ce ya riga ya faru kuma ga shi ana gani, "has risen", a faɗe ta "rizin". In yana cikin faruwa, "rising". Duk huɗun abu guda ne. Sai dai a kula, "rose" kuma sunan wani fure ne mai ƙamshi mai ƙaya, wanda muke kira wardi. Zancen da ake yi shi zai nuna maka wadda ake nufi.

INDA TA YI DAIDAI DA "TASHI"

Tushen ma'anarta shi ne abu ya bar ƙasa ya yi sama, shi da kansa, ba tare da an ga mai ɗaga shi ba. Hayaƙi daga murhu, ƙura bayan garke, mutum daga kan tabarma. Wannan ita ce "tashi" tamu. Abin sha'awa, harsunan biyu ba su haɗa kaka ba, amma sun bi hanya guda a wurare da dama.

Na ɗaya, tashi daga barci. Mai tashin asuba suna ce masa "early riser". Amma a hirar yau da kullum sun fi cewa "get up", ita "rise" a nan ta fi zama cikin littafi.

Na biyu, ƙullu. Mai fanke da mai masa da mai burodi duk sun san in ƙullu bai tashi ba ranar babu ciniki. Su ma da wannan kalma suke faɗinsa. Dalilin tashin kuwa shi ne, yisti ƙananan halittu ne masu rai, suna cin zaƙin da ke cikin gari suna fitar da iska, iskar ta rasa hanyar fita sai ƙullu ya kumbura. Shi ya sa lokacin ɗari yake nawa, lokacin zafi yake sauri.

Na uku, iska. In iska ta fara ƙarfi gabanin ruwa, mu ce ta taso, su ce tana "rising".

Na huɗu, zaman shari'a ko na majalisa. In ka ji an ce "the court rose", kada ka zaci an ƙara wa kotu girma. Kotu ta tashi ke nan, zaman ranar ya ƙare, kowa ya kama gabansa. Mai ƙara a kotun Katsina ko ta Sakkwato ya riƙe wannan. Haka in alƙali ya shigo aka ce jama'a su yi "rise", miƙewa tsaye ake nufi don girmamawa.

Na biyar, bore. In talakawa sun tashi a kan mai mulki, suna cewa "rise up", shi boren kuma "rising" ko "uprising". Ranar 24 ga Afrilu 1916 wasu mutanen ƙasar Ailan suka tashi a birnin Dublin don su rabu da mulkin Ingila. Cikin kwana 6 aka murƙushe su, aka harbe shugabanninsu, amma har yau da wannan kalma ake kiran abin da suka yi. A ƙarshen wannan shekara ta 1916 ne Kaosan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, har zuwa watan Maris 1917. Kafin nan, a 1906, mutanen Satiru kusa da Sakkwato sun tashi a kan Ingilishi. Ɗalibin da ya buɗe littafin tarihi na Ingilishi zai tarar da wannan kalma a kan irin waɗannan labaru.

INDA HANYA TA RABU

Yanzu ga inda ake faɗawa rami. Mai ƙaramin sani yakan ɗauka duk inda ya ga "rise" sai ya sa "tashi", duk inda ya ga "tashi" sai ya sa "rise". Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mu fara da rana. Mu ba mu cewa rana ta tashi, cewa muke ta fito ko ta hudo. Su kuwa "the sun rises" suke cewa, haka wata, haka taurari. Fitowar rana ita ce "sunrise". Dukkanmu abin da ido ya gani muke faɗi, don a gaskiya duniya ce ke juyawa zuwa gabas, sau guda cikin awa 24. A nan akwai gargaɗi. Salula da yawa suna nuna jerin lokuta da Ingilishi. Inda aka rubuta "sunrise" ba alfijir ba ne. Alfijir "dawn" ne, kuma a ƙasarmu tsakaninsa da fitowar rana ya fi awa guda. Mai azumin da ya jira "sunrise" kafin ya aje ƙwaryar sahur, ya makara ƙwarai.

Sai kogi. A nan kalmar tana da fuska biyu, kuma rikita su yana iya jawo hasara. In an ce kogi "rises in" wuri kaza, ana nufin can ne mafarinsa. Kogin Isa, wanda ƴan Nijeriya ke kira Kwara, mafarinsa cikin tsaunukan Gine yake, kimanin kilomita 240 kawai daga teku. Amma sai ya juya wa tekun baya, ya ratsa Mali da ƙasarmu da iyakar Benin da Nijeriya, ya yi tafiyar kusan kilomita 4200 kafin ya faɗa teku. Haka Gulbin Maraɗi, mafarinsa cikin ƙasar Katsina yake, ya shigo mana, ya sake komawa Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima.

In kuwa an ce kogi "is rising", ruwa ke ƙaruwa, kogi ya kawo. A Yamai sau biyu yake kawowa cikin shekara. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramu irin su Sirba da Dargol da Goruwal ke zubowa bayan ruwan damina. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga Gine, ba ya isowa sai wajen Disamba da Janairu saboda nisan hanya. A watan Satumba 2020 ruwa ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya karya ganuwar tare ruwa, ya ci unguwannin bakin kogi da gonakin shinkafa. Ke nan mai gona ko gida a fadama, in ya ji wannan kalma tare da "river" ko "water" a rediyo, ba lokacin shan shayi ba ne, lokacin kwashe kaya da yara ne.

Sai jikin mutum. In zafin jiki ya hau, ko jini ya hau, da ita suke faɗi. Zafin jikin mai lafiya yana wajen 37 a ma'auni. In ya kai 38 zazzaɓi ne, yaro ƙarami a kai shi gidan likita kada a jira.

Sai matsayi. Wanda ya fara da ƙaramin soja har ya zama hafsa, ko ɗan dako da ya zama mai motoci, suna cewa ya yi "rise". Mu sai mu ce ya ɗaukaka, ya yi gaba, Allah ya ɗaga shi. Haka dauloli. Littattafan tarihi suna yawan haɗa "rise" da "fall", wato ɗaukaka da faɗuwa, kamar daular Songhai da ta bunƙasa zamanin Sonni Ali da Askiya Muhammadu, ta faɗi a 1591 da rundunar Maroko ta ci ta a Tondibi.

Sai ƙasa da gini. Ɗan tudu a kan hanya, inda jaki ke rage tafiya direba ya canja giya, shi ma "a rise" ne. Dogon bene mai hawa da yawa kuma "high-rise".

To, mu juya ta ɗaya gefen. Akwai wuraren da mu muke cewa "tashi", amma Ingilishi ba ya yarda da "rise" sam. Mota ta tashi daga tasha, su "leave" suke cewa. Jirgin sama ya tashi, "take off". A Tasawa na tashi, "grow up". Hankalina ya tashi, wannan wata magana ce dabam. Mafi haɗari ita ce kasuwa. In Bahaushe ya ce kasuwa ta tashi, an watse ke nan, rumfuna sun zama wayam. In ka juya wannan kai tsaye ka ce "the market rose", mai jin Ingilishi zai fahimci kaya sun yi tsada, ciniki ya yi kyau. Kai kana gaya masa a tafi gida, shi yana jin a kawo ƙarin kaya.

Waɗanda suka yi lakwal su lura, aikin da wannan kalma guda take yi, Faransanci kalmomi uku yake sawa su yi shi: "se lever" don rana da mutum, "monter" don ruwa da hayaƙi, "augmenter" don kuɗi.

ITA DA ƘANWARTA "RAISE"

Akwai wata kalma da ke kama da ita kamar tagwaye, r, a, i, s, e, ana faɗinta "reyiz". Bambancinsu shi ne bambancin "tashi" da "tayar", ko "hau" da "ɗaga". Ta farko abu ne ke yi da kansa. Ta biyu sai da hannun wani. Hayaƙi "rises", amma ɗalibi "raises" hannunsa cikin aji. Tuta ba ta hawa da kanta, wani ke jan igiya.

Masana harshe sun ce "rise" tsohuwar ƴar gida ce, tana cikin Ingilishi fiye da shekara 1000. Ita kuwa "raise" baƙuwa ce. Mutanen arewacin Turai masu jiragen ruwa, waɗanda suka fara kai wa Ingila hari tun 793 daga baya suka zauna can, su suka zo da ita. Asalinsu guda ne can baya, shi ya sa suka yi kama. Mu ma haka muke da baƙi da suka zama ƴan gida, irin su lakwal da mushe daga Faransanci, mota da tebur daga Ingilishi, littafi da alƙalami daga Larabci.

"Raise" tana da nata ayyuka: renon yara, kiwon bisashe, tara kuɗin gudummawa, ɗaga murya, tayar da magana a taro. A kan kwalin magani kuma, in kun ga "may raise blood pressure", ana nufin maganin yana iya sa jini ya hau. Mai hawan jini kada ya sha sai ya nuna wa likita. Ƙarin albashi kuwa, mutanen Ingila "rise" suke ce masa, mutanen Amurka su ce "raise".

Ga wani abu da nake so ku riƙe. In labari ya ce kuɗin taki "rose", an faɗi abin da ya faru amma an ɓoye wanda ya yi. Kamar dai kuɗin ya kwana ya tashi da kansa, irin na ƙullu. In an ce wane ya yi "raised" ɗinsa, to an nuna mai hannu. Mu ma muna da wannan dabara. Mai shago yakan ce "kaya sun hau", ba ya cewa "na ƙara kuɗi". Wani lokaci gaskiya ne, babu mutum guda da za a kama: ruwa ya yi gardama, ko an rufe iyaka kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Wani lokaci kuwa akwai mai hannu, ya ɓoye kaya cikin mangaza yana jiran bazara. Mai karatu mai hankali yakan tambaya: shi ya hau, ko hawar da shi aka yi?

Akwai ta uku, "arise". Ita an fi sa ta ga matsala ko dama, kamar yadda muke cewa magana ta taso. A tsohon salo kuma tana nufin a miƙe, da ita taken ƙasar Nijeriya na 1978 zuwa 2024 ya fara. Sai kuma "give rise to", wato haifar da abu, kamar yadda ruwa kwance ke haifar da sauro.

WAJEN LISSAFI, A BUƊE IDO

Nan ne aljihu ke ciwo. Ƙananan kalmomi biyu ke bin "rise" in ana zancen kuɗi: "by" da "to". "By" ita ce abin da aka ƙara. "To" ita ce inda kuɗin ya tsaya. Ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Nijeriya ya ce an daina biyan tallafin mai. Cikin ƴan kwanaki litar esansi ta bar ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500. Ke nan ta hau "by" wajen 300, ta hau "to" wajen 500. Masu sayar da mai cikin kwalba a Maraɗi da Ƙonni, da ƴan kabu-kabu, da masu injin ban ruwa, duk sun ji a jikinsu. Wanda ya rikita waɗannan biyu wajen ƙulla ciniki, ko ya cuci kansa ko ya cuci abokinsa.

Na biyu, hawa da sauka ba su da nauyi guda. A misali tiyar hatsi tana dala 100. Ta hau da kashi 50 cikin 100, ta zama dala 150. Daga baya aka ce ta sauka da kashi 50 cikin 100. Wani zai zaci ta koma dala 100. A'a, rabin 150 aka cire, saura dala 75. Dattawa suna tune da watan Janairu 1994, lokacin da aka karya darajar sefa. Kafin ranar, faran guda na Faransa dala 10 ne, wato sefa 50. Bayan ranar ya zama dala 20, wato sefa 100. Kuɗin Faransa ya hau da kashi 100 cikin 100, namu ya faɗi da kashi 50 cikin 100. Abu guda ne ya faru, amma lambobi biyu ne, ya danganta da gefen da ka tsaya. Haka in an ce dalar Amurka ta yi "rise" a kan naira, naira ce ta faɗi. Mai canji ya san wannan, mai kawo masa kuɗi ma ya kamata ya sani.

Na uku, raguwar saurin hawa ba sauka ba ce. A ƙarshen 2024 hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce tsadar kaya ta ƙaru da fiye da kashi 34 cikin 100 a shekara guda. In bayan irin wannan aka ce lambar ta ragu, sai mutane su je kasuwa suna jiran araha, su dawo suna cewa rediyo ƙarya yake yi. Ba ƙarya ba ce, rashin fahimta ne. Ku dubi yaro mai girma. Bara ya ƙaru da taƙi guda, bana da rabin taƙi. Girmansa ya rage sauri, amma bai gajarce ba, rigar bara dai ba za ta shige shi ba. In kun ga "rising more slowly", kaya na nan suna hawa, gudu ne suka mayar tafiya. Sai an ce "fall" ko "drop" a kan kuɗin kayan kansa sannan araha ta zo.

ABIN DA ZA A RIƘE

1. In saƙon ciniki ya zo da murya cikin harshen da ba naka ba, ka sa a aiko shi a rubuce. Kunne yana ruɗuwa, baƙi ba ya canjawa.

2. In akwai kuɗi cikin maganar, ka nemi lamba biyu: nawa yake da, nawa yake yanzu. Da su kai kanka za ka fitar da sauran.

3. Yaron da ke yi maka fassara, ka ba shi damar ya ce "ban gane ba". Yaro mai tsoron faɗa zai ba ka abin da ya zata a maimakon abin da ya ji.

4. Ku ɗalibai, kada ku haddace kalma ita kaɗai. Ku haddace ta da abokan tafiyarta: rana, kogi, kuɗi, kotu, ƙullu. Kalma kamar mutum ce, da abokanta ake gane ta.

5. In magana ta shafi magani, ko ruwa, ko shari'a, a tambayi mutum biyu. Matambayi ba ya ɓata.

Ga aikin wannan wata ga cibiyoyin karatu da ƴan kwaleji. Ku zauna ku lissafa duk inda Bahaushe ke cewa "tashi", ku ga ko za ku kai 20. Ni na kai 17 na tsaya. Ku tambayi tsofaffi, sun fi mu. Wanda ya fi kowa yawa za mu buga jerinsa cikin wannan fili da sunan garinsu.

Shi kuwa Alhaji, jika 120 dai sun tafi. Amma ya saya wa yaron ƙamus a kasuwa, ya ce kuɗin makaranta ne ya biya, nasa da na jikansa. Yanzu duk saƙon da ya zo sai an saurare shi sau uku, a rubuta cikin littafi, a karanta masa lambobi ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya na wuce su a zaure na ji yana tambayar yaron: "Kai, duba da kyau, wannan ta hawa ce ko ta tuwo?"

Mai tambaya ko gyara ya aiko mana da wasiƙa ta hannun malamin cibiyarsu. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki kishiyarta, wato "fall", don wanda ya san hawa ya kamata ya san sauka. Ku huta lafiya.